"Alhaki kwikwiyo ne": shin yana bin mai jifa har ninki uku?

Ɗan Katsina: Assalamu alaikum. Jiya mun yi gardama da ƙanena da ke karatu a Ingila a kan karin maganar nan, "alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi". Ya ce mabiya Wicca, addinin tsafin zamani da Gerald Gardner ya fito da shi fili bayan an soke dokar hana maita a Ingila a 1951, su ma haka suke cewa: duk abin da mutum ya aika wa wani zai dawo masa ninki uku, shi ya sa da yawansu ke tsoron yin jifa. Ni ban yarda maganar ɗaya ce ba.

Bazazzagi: Wa alaikumus salam. Ina bayanka, malam. Tasu ta fi kama da karma ta mutanen Indiya, inda aikin ne da kansa yake haifar da sakamakonsa. Alhaki kuwa haƙƙin wani ne a wuyanka, Allah ke bi masa kadi, kuma aya ta 43 a Suratu Faɗir ta ce mugun makirci ba ya faɗa wa kowa sai mai shi. Mabiya Wicca su kansu ba su haɗu a kan ninki ukun ba. A 2017 da wasunsu a Amurka suka yi gangamin ɗaure shugaban ƙasarsu da tsafi, wasu sun ce ɗauri ba jifa ba ne, wasu suka ce zai dawo musu.

Jikar Hajja: Malamai, ku bari in ba ku labarin kakata a Maraɗi. Wata rana tana kwasar toka ta tono laya a ƙarƙashin murhunta, an naɗe da baƙin zare, an soke da allura, kuma kowa a gidan ya san kishiyarta ce. 'Yan uwanta suka matsa a je wurin boka a mayar, ta ƙi, ta ƙona layar, ta ce wanda ya gina ramin mugunta ya san zurfinsa. Bayan shekara biyu ɗan kishiyar ya tafi cirani, ba a sake jin ɗuriyarsa ba, gari ya ɗauka cewa kurciyar ce ta koma gida. Kakata ba ta taɓa yarda a faɗi haka a gabanta ba, domin ita ta goyi yaron, kuma ita ta yi jinyar kishiyar har ta rasu. Har yau ina tambaya: idan mai shi yake bi, me yaron ya yi?

Bazazzagi: Allah ya jiƙan Hajja. Yaron bai yi komai ba, 'yar uwa, domin wani rai ba ya ɗaukar nauyin wani.

Ɗan Katsina: To, masu kwana a ɗakin bokaye duk lokacin zaɓe, ana binne musu dabbobi da rai, ga su nan suna ta ƙiba da haƙƙin talakawa. Wannan kwikwiyon yaushe zai iso ƙofarsu?