Jaririyarmu kwana 19 numfashinta ya canza, uwar kuma an ce korona ce: mu kama hanyar Gusau ko mu jira safiya?

Baban Hauwa'u, Ƙaura: Assalamu alaikum jama'a. Don Allah wanda abin ya taɓa samu ya yi magana. Maiɗakina ta haihu, yau kwana 19. Ran suna gida ya cika, har da 'yan uwanta daga Abuja da Kaduna. Bayan kwana huɗu ta fara tari da ciwon maƙogwaro, aka ce sanyin hunturu ne ya haɗu da jego. Da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa ƙanena ya kai ta Gusau aka ɗauki majinar hancinta, jiya aka kira aka ce korona ce. Ita da sauƙi, tana ci tana yawo a tsakar gida. Jaririyar ce damuwata. Tun la'asar ta rage kama nono, ta ja sau biyu ta saki, jikinta da zafi, tana haki kamar wadda ta yi gudu. Tambayata biyu ce. Inna, surukata, ta ce a raba su a sayo madarar gwangwani, wai nonon ne ke sa mata ciwon. Na biyu, yanzu takwas da rabi na dare, kun kuma san hanyar Ƙaura zuwa Gusau da 'yan bindiga idan duhu ya yi. Mu fita yanzu ko mu bari sai an yi asuba?

Abu Mai Shayi: Allah ya ba ta lafiya. Amma wai har yanzu akwai korona? Ni tun bayan kullen 2020 ban ƙara jin wanda ta kama a unguwarmu ba. Mura ce ta hunturu, a rufe ta da kyau.

Hajiya Ta Tudun Wada: Nawa ya yi irin wannan tarin bara, na dafa tazargade da citta da lemun tsami na yi mishi sirace kwana uku, na riƙa ba shi zuma da habbatus sauda safe da yamma. Garau ya tashi.

Ummu Sadik: Hajiya, naki shekararsa nawa? Wannan fa kwana 19 aka ce.

Hajiya Ta Tudun Wada: Shekara shida. To ai sai a rage yawan.

Maman Fadila, ma'aikaciyar jinya: Kada a ba ta zuma, kada a yi mata sirace ko turare. Ba a ba yaron da bai shekara ba zuma, hayaƙi kuma ƙara toshe ta zai yi. Baban Hauwa'u, a ɗakin jarirai nake aiki, ka yi abin nan yanzu. Ka buɗe mata riga, ka duba agogo, ka ƙirga ɗagawar ƙirjinta na minti ɗaya cif lokacin da ba ta kuka. Ga jaririn da bai kai wata biyu ba, 60 ko sama da haka ya yi yawa. Ka duba ko ƙasan haƙarƙarinta na lotsawa ciki sosai in ta ja iska, ko tana wani gurnani a ƙarshen kowane numfashi, ko leɓenta ya yi duhu. Amma gaskiya ko ba ka ga waɗannan ba, zazzaɓi da ƙin nono kaɗai sun isa a kai jaririyar kwana 19 asibiti a daren. Ba sai Gusau ba tukuna. Ku fara zuwa asibitin cikin gari a yi mata allurar farko a auna iskar jininta, su za su ce a wuce ko a kwana. Batun nono kuwa, a gaya wa Inna cikin ladabi kada a raba su. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2020 ta ce mai korona ta ci gaba da shayarwa, ta sa takunkumi, ta wanke hannu da sabulu kafin ta ɗauke ta. Ta numfashi da tari ake ɗaukar cutar, nonon kuwa kariya ce gare ta. In ba ta iya ja, a tatsa a ba ta da ƙaramin kofi mai tsabta a hankali.

Ɗan Baba: 'Yan Abuja ke nan. Kowa na kawo atamfa da sabulu barka, su sun ƙullo korona a jaka sun kawo.

Ummu Sadik: Ɗan Baba ka ji tsoron Allah, mutum na cikin tashin hankali.

Na-Maradun: Ɗan'uwa, duk wanda yac ce maka ka jira safiya kar ka saurare shi. Ni na jira. Yarona wata bakwai garai, watan Satumba na 2021, lokacin da anka yanke layukan waya a jihar ga ta Zamfara baki ɗaya saboda 'yan bindiga, anka hana sai da mai ga jarka, anka hana babura fita da dare. Tari yaf fara da zazzaɓi, kwana biyu muna kai shi kyamis ana mai allura. Dare na ukku sai ƙirjinai ya dinga lotsawa, shina nishi, ya bar kuka ma. Yayana na da mota a cikin gari, amma da mi zan kira shi? Wayar na hannuna kamar dutse. Haka munka zauna ni da uwatai muna kallonai har anka kira assalatu. Da munka isa asibitin farko, akwai injin nan mai tace iska, babu wuta, janareta babu mai. Sunka rubuta muna takarda mu wuce gaba. Asibiti na biyu tukunyar oksijin guda ce a ɗakin, yara ukku na kanta. Wata nas, Allah shi saka mata, ita ta dinga cire wa wanga ta sa wa wancan, duk wanda taga ya fi galabaita. Na biya naira 1,500 kowace awa, na sai da tumaki biyu a wulaƙance don an rufe kasuwannin mako. Sun ɗauki majinar hancinai ran da munka zo. Bayan kwana ukku ya rasu. Sakamakon bai fito ba sai bayan mun yi addu'ar bakwai, wani ma'aikaci ya aiko mini da shi ta hannun direba, wai korona ce. Mi zan yi da takarda? Ko korona ta kashe shi ko rashin iska, ni dai na san da hannuna na ɗauke shi da rai na shiga da shi, da hannuna na fito da shi cikin zane. Uwatai har yau in ta ji yaro na tari sai ta tashi ta bar wurin.

Ummu Sadik: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya sa mai ceto ne, ya ba ku haƙuri.

Malam Sani, Talata Mafara: Allah ya jiƙansa. Wannan wata na Satumba ba za mu manta da shi ba. Mu nan sai mutum ya shiga mota ya tsallaka wajen jiha kafin ya buga waya. Maƙwabciyata naƙuda ta kama ta da dare, a amalanke aka tura ta.

Abu Mai Shayi: Allah ya gafarta. Amma 1,500 a awa? An cuce ka Malam. Lokacin da aka kwantar da gyatumata kyauta aka sa mata, ko sisi ban biya na iska ba.

Auwal Kyamis: Kyauta a ina? Ko dai kuna da wani a ciki. Ni na san wanda ya sayi tukunya guda 12,000 daga waje ya kai wa ɗansa, ba ta kai kwana biyu ba.

Malam Sani, Talata Mafara: Mu 25,000 aka ce mu ajiye kafin a ba mu gado, ban da magani.

Auwal Kyamis: Baban Hauwa'u, in fita ba ta yiwu ba, ka nemi deksametason da amoksil na ruwa a kyamis mafi kusa, su ne ake ba masu korona. Ka kuma sayi abin nan da ake maƙalawa a yatsa ya nuna iska, 6,000 nake sayar da shi.

Hajiya Ta Tudun Wada: 6,000? Ni 15,000 ɗana ya sayo mini a Gusau.

Maman Fadila, ma'aikaciyar jinya: Malam Auwal, don girman Allah ka janye wannan. Deksametason gaskiya ne yana ceton rai, binciken da aka yi a Ingila aka bayyana a watan Yuni 2020 ya nuna haka, amma ga manya ne da ciwon ya kai su ga oksijin ko injin numfashi. Waɗanda ba su kai nan ba bai amfane su ba. Yana danne garkuwar jiki, in ƙwayar cuta ce a jinin jaririyar nan ka ba ta shi a gida, ka buɗe wa cutar ƙofa. Mu a ɗakin jarirai ba ma jiran sakamakon korona. Jariri mai zazzaɓi muna ɗaukarsa a matsayin mai cuta a jini har sai an tabbatar ba ita ba ce: allurar ampisilin da jentamaisin ta jijiya, oksijin in iskar jininsa ta yi ƙasa da 90, ɗumi, nonon uwa ta siririn tiyo a hanci in ba ya iya tsotso. In huhun ya gaji akwai na'urar da ke tura iska ta hanci tana ɓulɓula a kwalbar ruwa. Abin yatsan naka kuma na manya ne, ba ya karanta yatsan jariri daidai. Yawancin yara korona ba ta tsananta musu, har jarirai da dama suna warkewa sumul, amma 'yan ƙasa da shekara ɗaya da bakwaini da masu tamowa ko sikila su ne muke jin tsoro a kansu. Bayan da nau'in korona da ake kira Omikron ya ɓulla a ƙarshen Nuwamba 2021, ƙananan yara masu shaƙewar murya da tari sun ƙaru.

Auwal Kyamis: Shekarata 14 a wannan sana'a. Da dare in yaro ya rikice ƙofata ake bugawa, ba ta asibiti ba. Ke ma ai ba likita ba ce.

Hajiya Ta Tudun Wada: Ni abin da ke ba ni haushi, komai tsoho ya faɗa sai a ce camfi. Innar nan da ake son a ƙi maganarta ita ta haifi uwar jaririyar ta raine ta. Mu goma gyatumarmu ta haifa a ɗaki.

Ummu Sadik: Nawa suka rayu, Hajiya? Tamu ta haifi tara, mu biyar muka girma. Ba raini ba ne, Inna tsoro ne ya sa ta faɗi haka, kuma tana da gaskiyar jin tsoro. Sai dai madarar gwangwani da ruwan rijiya ga 'yar kwana 19 gudawa ce kawai za ta ƙaru.

Baban Khalifa, Argungu: Ni daga Kabi nake, bari in ƙara wani abu don masu manyan yara a gidan. Ɗana mai shekara 8, duk gidan mun yi mura mai ɗauke ƙanshi, shi ko atishawa bai yi ba. Bayan kamar wata guda sai zazzaɓi mai zafi kwana biyar, ciwon ciki da amai, idanu jajur ba kwantsa, leɓe ya tsattsage, ƙuraje a jiki. Aka yi maganin maleriya, aka yi na taifot, wata ta ce ƙyanda ce a ɓoye shi a ɗaki. Sai da muka dangana da Sakkwato wata likitar yara ta tambaye mu ko an yi korona a gidan. Ta ce sunansa MIS-C, garkuwar jikin yaro ce ke rikicewa makonni biyu zuwa shida bayan cutar ta wuce, ta koma tana kumbura zuciya da hanji da jijiyoyin jini. A Ingila aka fara lura da shi a watan Afrilu 2020. Aka yi hoton zuciyarsa aka ga ta yi rauni. Maganin da suka fi so, IVIG, wanda ake haɗawa daga jinin mutane, da aka faɗa mini kuɗin abin da zai ishe shi sai da na zauna a ƙasa. Da allurar sitiroyid mai rage kumburi aka yi, da asfirin da likita ta auna da kanta, ta kuma ja mini kunne kada in taɓa ba yaro mai zazzaɓi asfirin da ra'ayina. Kwana 11 muka yi. Alhamdu lillahi yana makaranta yanzu. Baban Hauwa'u, in akwai yayye, ka sa musu ido har wata mai zuwa.

Ɗan Baba: Wato har da mai zuwa bashi, sai ta wuce ta dawo karɓa.

Baban Hauwa'u, Ƙaura: Na gode jama'a. Na ƙirga sau biyu, 68 da 71. Muna asibitin cikin gari, an yi mata allura an sa mata iska, sun ce da safe a wuce da ita Gusau. Inna ta yarda an tatsa, ta sha kaɗan. Yanzu mota ce matsala. Direbobi biyu na kira, ɗaya ya ce ko nawa zan ba shi ba ya tashi kafin bakwai, ɗayan ya ce 20,000 in ana son shida.

Malam Sani, Talata Mafara: 20,000 zuwa Gusau? Tafiyar da ba ta fi awa ɗaya ba? Wallahi direbobin nan sun mai da tsoron mutane jari.

Direba Ɗan Ƙaura: Malam Sani, ka taɓa zama motar farko a kan hanya da sassafe? Abokin aikina watanni biyu ya yi a daji, gona da motar duka aka sayar kafin ya dawo. Ba wanda ya tara mishi ko kwabo. Mu ma muna da 'ya'ya. In kana ganin sauƙi ne ka zo in ba ka makulli.

Abu Mai Shayi: To motar asibiti fa? Ina motocin da ake nuna mana a talabijin ana yanka ƙyalle?

Malam Sani, Talata Mafara: Ko ka same ta kai za ka zuba mai, ka ba direba na goro, ka kuma jira a nemo wanda makulli ke hannunsa.

Maman Fadila, ma'aikaciyar jinya: Ku bar wannan tukuna. Baban Hauwa'u, kada a ɗauke ta daga kan iska a sa a mota haka nan. Ka roƙe su ƙaramar tukunya da ma'aikaci ɗaya ya raka ku, uwar ta sa ta a ƙirjinta fata da fata a lulluɓe su, sanyin asuba kaɗai na iya kayar da ita.

Na-Maradun: Ka tambaye su injin da sunka sa mata na wuta ne ko tukunya. In na wuta ne, ka tashi yanzu ka je ka ga mai janareta da idonka, ka ji lita nawa ta rage mai kafin safe.