Fentin rim ɗin babur: wanda ya taɓa yi ya faɗa mana yadda ta kaya

Ɗan Ƙofar Marusa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman wanda ya taɓa yi wa rim ɗin babur fenti, ko da hannunshi ko ya kai aka yi mashi, ya faɗa mani gaskiyar abin da ya gani. Boxer ce gare ni mai sifok. Tun da damina ta ɗauke na lura rim ɗin baya ya fara fitar da tsatsa a gindin sifok, ɗigo-ɗigo ja, wani wurin ma farin ƙarfen ya fara ɓarewa. Inji lafiya lau, ba ni da niyyar sayarwa, amma duk wanda ya kalli ƙafafun sai ya ɗauka mashin ɗin ya gama yayi. Wani ya ce in sayi fentin gwangwani in fesa baƙi, wani ya ce in kai wa masu fentin mota, wani kuma ya ce akwai fentin gari da ake gasawa da wuta. Wanne ke jure hanyoyinmu?

Mai acaɓa daga Daura:
Wa alaikumus salam. Na gwangwani dai an yi mani. Gab da Sallar Gani wani yaro a bakin tasha ya ce zai mayar mani da ƙafafun sababbi. Ko taya bai cire ba, takarda ya cusa tsakanin taya da rim, ya goge da tsumma, ya fesa. Ranar kam ya yi kyau, har tambaya ake yi inda aka yi mani. To ni aikina hanyar Mai'aduwa ce, ranar Lahadi kuwa daga safe har magariba ina kan hanya da kaya. Tsakuwa ta fara cin shi, man sarƙa ya ɓata gefen baya, ranar da fetur ya ɗiga a kai wajen mai bumburutu sai wurin ya yi laushi ya biyo yatsa. Kafin wata ya zagayo yana ɗayewa kamar ɓawon albasa, tsatsar kuma tana nan a ƙasa yadda aka rufe ta. In dai na gwangwani ne a haka, ka riƙe kuɗinka.

Mai fenti a Ƙofar Kaura:
Ɗan'uwa na Daura, Allah ya mayar da alheri, amma ba laifin gwangwanin ba ne shi kaɗai. Da za a kawo fenti mafi tsada a fesa a kan maiƙo da tsatsa, haka zai ɗaye. Mu a wurinmu feshin shi ne ƙaramin aiki, wahalar duk tana gabanshi.

Ga yadda nake yi in an kawo mani. A cire taya da tib, a fitar da boris. A wanke rim da kalanzir don baƙin man sarƙa, sannan a sake wankewa da omo, domin kalanzir ma yana barin maiƙo. Daga nan sai samfefa. Ina farawa da mai kaushi, lamba 180, a wuraren tsatsa har sai na ga farin ƙarfe, in bi da 320, in gama da 400. Rim ɗin Boxer na ƙarfe an shafe shi da wannan farin ƙarfe mai ƙyalli, kuma fenti ba ya kama shi matuƙar yana da santsi. Dole ka goge har ƙyallin ya dushe ko'ina, har lungun da ke tsakanin sifok da sifok, inda yatsa ke shiga da ƙyar. Nan ne yawancin yara ke gajiya su tsallake, nan ne kuma ɗayewa ke farawa. In ka gama ka goge da tina da tsumma mai tsabta, kada ka ƙara taɓa wurin da hannu.

Sai furaima, wato fentin farko da ke kama ƙarfe, sannan kala, a fesa sama-sama sau biyu ko uku, ana barin minti 10 zuwa 15 tsakani. Mai son gamawa da wuri shi ke zuba shi da kauri a karo ɗaya, ya zubo ya yi hawaye. Abin da ke tsare fenti daga fetur shi ne kiliya, wato fentin sama marar kala mai ƙyalli, wadda ake haɗawa da hadina, sinadarin da ke sa ta ƙame, irin ta mota. Ita in ta bushe ta bushe ke nan, fetur ba ya narkar da ita. Na gwangwanin da ake sayarwa a shago ba shi da hadina, shi ya sa ɗigon fetur ya tayar maka da shi.

Abu ɗaya da nake roƙo: cikin dirom inda birki ke kamawa, da mazaunin boris, a rufe su da tef. Na ga mashin da aka fesa wa cikin dirom, mai shi ya taka birki a shatale-tale ya ƙi ci.

Mai faci, Sabuwar Unguwa:
Oga mai fenti ya yi bayani, amma bari in ƙara wanda ni nake gani kullum. Ku kuna kallon waje, ni ciki nake gani. Yallaɓai mai Boxer, in ka ga tsatsa ta fito a gindin sifok daga waje, to ka tabbata cikin ya fi haka muni. Ruwan damina da na wanki ta ramin sifok da ramin bawul yake shiga, ya kwanta ƙarƙashin robar da ke zagaye cikin rim, ba ya samun iskar da zai bushe. Jiya ma na buɗe wata taya, da na ɗaga robar sai garin tsatsa ya zubo mani a cinya, kan sifok ɗin sun yi kaifi. Mai mashin ɗin yana ta kukan tib ɗin yanzu ba su da kyau, kullum faci, alhali rim ɗinshi ne ke huda su. Don haka in za a yi fenti a fara da ciki: a kankare da burushin ƙarfe, a shafa jan furaima mai hana tsatsa, a sa sabuwar roba. Ko tsohon tib aka yanka aka zagaya yana yi.

Sannan in an gama a bar shi ya kwana biyu kafin a kawo mana mu sa taya. Fenti yana iya bushewa a ido amma cikinshi ɗanye ne, liba, ƙarfen da muke sa taya da shi, na taɓa shi zai kwaɓe, sai a ce mai faci ya ɓata aiki. Ni in na ga sabon fenti tsumma nake sawa ƙarƙashin liba, in shafa ruwan sabulu a bakin taya.

Ɗan Ƙofar Marusa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Maganar ciki ban taɓa kawo ta a raina ba. To na garin fa, akwai wanda ya gwada?

Ma'aikaci a Batagarawa:
Ni na yi, amma tawa Haojue ce mai rim ɗin aloyi, wato na alminiyam da aka zuba a narke, ba sifok. A Kano aka yi mani, wurin wasu masu yin ƙofofi da tagogin ƙarfe, kuma na tsaya na ga aikin da idona. Da farko da yashi suke fesa rim ɗin da ƙarfin iska har tsohon fenti ya tafi gaba ɗaya. Sai su rataye shi, su maƙala mashi waya, su fesa garin da wata bindiga mai sa mashi cajin lantarki, garin ya manne a jikin ƙarfen ba tare da ruwa ko tina ba. A lokacin ko hura shi ka yi zai tashi. Daga nan sai cikin tanda, zafi wajen digiri 180 zuwa 200, na kamar minti 15 zuwa 20. Garin ya narke ya haɗe ya zama fata ɗaya. Da ya huce shi ke nan, babu jiran bushewa.

Saboda wannan zafin dole a cire komai: boris, sil, bawul, da robobin da ke cikin hob na baya, wato cibiyar ƙafar. Wanda ya yi mani ya fara gasa rim ɗin shi kaɗai kafin ya sa gari, ya ce aloyin da aka zuba a narke yana da ƙananan ramuka masu riƙe iska da mai, in ba a fitar da su ba sai fentin ya yi ƙuraje. Damina biyu ke nan ina hawa tsakanin Batagarawa da cikin gari, man sarƙa tsumma kawai nake sa mashi. Inda ba shi da daɗi shi ne kuɗi, in ka haɗa da na mota zuwa Kano da dawowa, da kuma cewa in ya ƙwarzane ba a iya yi mashi ciko da irinshi, sai dai a ɗiga fenti na ruwa a wurin.

Dattijo mai ɗaurin sifok, Ƙofar Ƙwaya:
Yarana, duk na karanta, kowa ya faɗi gaskiyar abin da ya gani. Amma mai tambaya sifok gare shi, kuma nan ne ban yarda da ku duka ba. Rim mai sifok ba abu ɗaya ba ne, kowane sifok yana da kan da ake juyawa a ɗaure shi ko a sassauta. Da su muke miƙe ƙafa in ta fara rawa. In aka fesa fenti a kansu a haɗe, zaren ya cika, ranar da ka faɗa rami ka kawo mani sai na sa makulli fentin ya tsage zagaye da kowane kai, wasu su ƙi juyawa sai sun karye. Na gari kuwa ya fi muni in aka gasa shi a ɗaure, don ya fi kauri da ƙarfi.

Aikin ƙwarai shi ne a kwance ƙafar gaba ɗaya, rim daban, hob daban, a yi masu fentin, a sayo sababbin sifok a ɗaure. To ɗana, kafin ka yi haka ka je kasuwa ka tambayi kuɗin sabon rim ɗin Boxer, kayanta ba su da wuyar samu a garin nan. Ka lissafa da kuɗin fenti da na samfefa da ladan mai yi. Sau da yawa sabon ya fi sauƙi. Kuma in ka kankare ka ga tsatsa ta ci ƙarfen ya yi rami-rami a bakin ramin sifok, kada ka saurari kowa, ka jefar. Wannan wurin shi ke ɗauke da kai da wanda ka goya.

Mai fenti a Ƙofar Kaura:
Baba, maganarka dutse. Ni ma in mai shi ya yarda a kwance na fi so, aikin ya fi fita. Sai dai mafi yawan masu zuwa ba su iya ajiye mashin kwana da kwanaki, da shi suke cin abinci. Irinsu nakan naɗe kan sifok da tef ɗaya bayan ɗaya, yana cin lokaci amma in sun zo wurinka makulli zai juya.

Maman yara, Rahamawa:
Ku yi haƙuri in sa baki duk da ba ni hawa babur. Ƙanen maigidana ya yi wannan feshin a zauren gidanmu, ya rufe ƙofa wai don ƙura. Warin ya cika har tsakar gida, ƙaramar 'yata mai asma ta kwana tana tari, shi kanshi ya yini da ciwon kai. Don Allah wanda zai yi ya fita fili nesa da yara da murhu. Kuma ragowar tina kada a zuba a robar ruwan sha a ajiye, fari ne tas, yaro bai san bambanci ba.

Mai fenti a Ƙofar Kaura:
Hajiya, Allah ya ba ta lafiya. Gaskiya kika faɗa, kuma mai hadinar nan da na yaba ya fi kowanne illa ga huhu. Ƙyallen rufe hanci na asibiti ba ya tare shi, sai takunkumi mai matata. Shi ya sa ban ba kowa shawarar ya yi shi a gida ba.

Maganar ƙura kuma ita ce babbar damuwarmu a Katsina. Da hunturu in iska ta taso, fenti ɗanye yana kwashe duk abin da ke yawo, ka shafa ka ji shi kamar ba a goge ba. Ni sai na yayyafa ruwa a ƙasa, in yi feshi da hantsi kafin iska ta yi ƙarfi. Da bazara kuma kada a shanya rim a rana a fesa shi da zafinshi, fentin yana bushewa kafin ya kwanta. Ranar da hadari ya haɗu ko aka kwana ana ruwa ba na taɓa kiliya, tana yin fari-fari.

Dillalin babura:
Nawa gargaɗi ne ga masu saye. In aka kawo maka mashin na hannu, jikinshi ya sha rana amma ƙafafu na ƙyalli da sabon fenti, ka duƙa ka duba da kyau, musamman aloyi. Aloyi in ya daki rami yakan tsage a gindin ƙafafun da ke haɗe da hob ko a baki. An taɓa kawo mani wani da aka yi wa walda aka shafe da bodi fila, abin da ake cike lotsawa da shi, aka fesa baƙi. Da na bi da yatsa ta ciki na ji tudu, na sa farce sai ga fila. Na mayar wa mai shi. Fentin aloyi don ado ba laifi, amma a duba tsaga tun yana tsirara kafin a rufe.

Ma'aikaci a Batagarawa:
Tun da an zo kan aloyi, akwai masu jiƙa rim a ruwan sodar sabulu don ta cinye tsohon fenti. A ƙarfe tana yi, amma alminiyam cin shi take, ya yi baƙi ya yi rami. Maƙwabcina wani ya yi mashi haka a hob ɗin gaba, da aka zo mayar da boris sai ya riƙa faɗawa da kanshi ba tare da an buga ba. Mai Boxer, naka rim ɗin ƙarfe ne amma hob ɗin alminiyam ne, in ka kai wurin da suke amfani da soda ka ce su ware shi gefe.