Maɓallan manhajata sun ƙi bin girman taga a Qt Designer

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah wanda ya san Qt Designer, manhajar zana fuskar manhaja, ya agaza mini, kwana huɗu ke nan ina fama.

Kawuna yana da shagon atamfa a kasuwar Kejetia a nan Kumasi, ni kuma nake haɗa masa 'yar manhajar lissafin kaya da bashi da yaren kwamfuta na Python da PyQt5, kayan gina tagogin manhaja. Na ja maɓallai da akwatunan rubutu da teburin kaya na jera su da linzami, a kwamfutata mai allo 1366 da 768 komai ya zauna daram. Da na kai shago muka buɗe a babban allo mai 1920 da 1080, sai duk suka taru a kusurwar hagu ta sama, sauran tagar fili fetal. Kawu ya leƙo ya ce, "Ɗana, wannan sai na sa tabarau biyu."

Na zaɓi maɓallan na sa su cikin QGridLayout, wato tsarin jera abubuwa layi-layi kamar tebur, jan layi ya kewaye su, amma har yanzu ba sa miƙewa. A jerin abubuwa na gefen dama kuma ina ganin wata 'yar jar alama a kan centralwidget, wato babban filin tagar da komai ke zaune a ciki. Shin ita ce matsalar? A ina zan danna?

Na biyu ya fi ci mini rai. Na rubuta lissafin sidi da fesuwa a cikin fayil ɗin da pyuic5, mai mayar da zane zuwa Python, ya fitar, da na gyara zanen na sake fitarwa, sai ya shafe aikina kaf. Laifina ne, gargaɗin cewa duk gyaran da aka yi a ciki zai ɓace yana saman fayil ɗin, ban karanta ba. Yanzu uic.loadUi zan koma, mai ɗauko zanen kai tsaye ba sai an fitar da fayil ba, ko in ware lissafin a wani fayil daban? Wanne ya fi sauƙi ga mai koyo?