Na ajiye kaki: aikin albashi a banki ko in kafa POS nawa?

Saje Basawa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na yi ritaya bara, giratuti ya shigo. Wani ƙaramin banki a Sabon Garin Zariya zai ɗauke ni aikin bin bashi, albashi dubu 80, har da asusun fansho: su zuba kashi 10, a cire min kashi 8. Ɗaya hanyar kuma in zama wakili mai cin gashin kansa, na'urar POS biyu da rumfa a PZ. Gwiwata ta hagu ba ta son yawo, ga yara shida. Wanda ya taɓa ɗaya daga ciki ya faɗa min gaskiya.

Ɗan Giwa: Oga, ka sayi masara da kaka ka ajiye kawai.

Tsohon Kofur: Saje, ka ji tsoron Allah ka riƙe kuɗinka. Na kafa rumfar POS tawa a Kwangila a 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, ana layi kamar gidan mai. Na ɗora ɗan yayata a kai. Wata Juma'a wani mai babbar riga ya nuna masa alat na dubu 350, yaro ya ƙirga ya miƙa. Alat na bogi ne. Na je ofishin kamfanin, yarinyar da ke kan tebur ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce ai ni ba ma'aikacinsu ba ne, asara tawa ce. Ranar na san ma'anar zaman kai: ba hutu, ba kuɗin asibiti, ba wanda za ka kai wa kuka. Da na kwanta jinya wata biyu, ko kwabo bai shigo gidana ba. Har yau ni da yayata gaisuwa ce kawai.

Maman Khalifa: Allah ya mayar da alheri, Baba. Amma maigidana yana sana'ar POS a Samaru, kusa da jami'a. Naira 100 kan dubu 5, kuma da ita muke ci. Na'ura dubu 25 ya saya.

Abu Tudun Wada: Dubu 25 a ina, Hajiya? Ni 45 na biya. Kuma 200 muke karɓa kan dubu 5 in dare ya yi. Ka ƙara da rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, da aka wajabta tun 2024.

Samanja: Farar hula su ɗan dakata mana. Wanda bai sha rana a Defo, inda ake horar da sababbin sojoji, ba bai san yadda soja ke ji in yaro ɗan shekara 25 ya daka masa tsawa a ofis ba.

Maman Khalifa: Ranka ya daɗe, kasuwa ba ta san igiya ba. Mu da ke ƙirga kuɗin kullum ba mu da bakin magana?

Ɗan Giwa: Saje da bin bashi? Wallahi kafin ya yi sallama an fito da kuɗin 😂

Malam Jushi: Ka fara tambaya ko bashin nan mai ruwa ne. In da riba a ciki, albashin ma abin dubawa ne.

Saje Basawa: Na gode. Amma batun gwiwar nan fa, bin bashi yawo ne ko zaman ofis?

Tsohon Kofur: Ka ma tabbata bankin ne zai ɗauke ka? Yawanci wani kamfani ne a tsakiya. Ni gadi suka ba ni a ƙofar banki, tsayuwar awa 12, kamfanin ya yanki nasa kafin ya miƙo min saura.

Samanja: Nan ne ciwon. An koya mana sana'a a cibiyar sojoji ta Oshodi, Legas, kafin sallama, amma kowa ya ga tsohon soja sai ya miƙo masa sanda da fito. Wa ya san nawa ake biyan masu gadi a Kaduna yanzu?