Don Allah a taimaka: ɗaukar ra'ayin jama'a a titi da editin ɗinsa

Ummi22:
Salam 'yan uwa. Ni sabuwa ce a rediyon makarantarmu, an ba ni aikin jin ra'ayin jama'a na minti 2 kuma waya kawai gare ni ba ni da rikoda. Matsalar idan na dawo na saurara sai in ji ƙarar motoci da iska sun danne muryar mutum, wasu kuma da ka tambaye su sai "eh" ko "a'a" shikenan sun wuce. Editin zai iya gyara wannan ko dole in sake fita? Wace manhaja kuke amfani da ita?

Sadiq_sauti:
Wa alaikis salam 'yar uwa. Gaskiya ki sake fita, abin da ya lalace wajen ɗauka editin ba ya dawo da shi. Waya ta isa wallahi in dai kin matso da ita, kamar taƙi ɗaya daga bakin mutum, kuma ki ɗan karkatar da ita gefe kada iskar bakinsa ta riƙa bugun maik. Ki tsaya yadda maik zai ba titi baya, ko ki ja mutumin gefen gini inda iska ba ta kaɗawa, in da hali ki sa wa maik ɗin soso. Ki sa wayar a filait mod, wato yanayin da ke kashe sabis, saboda kira ɗaya zai iya katse miki rikodin ana tsakiyar magana mai daɗi. Sannan eyafis a kunne dole ne, abin da kunnenki ke ji a fili daban da abin da maik ke ɗauka. In manhajar tana nuna mitar ƙarfin sauti ki bar murya tana kaiwa wajen -12 dB (dB shi ne ma'aunin da ke jikin mitar), in ta taɓa 0 sauti ya fashe kuma babu maganinsa.

Maman_Hanan:
Ƙanwata batun eh da a'a daga tambayar ne. Kada ki ce "kana ganin abu kaza ya dace?", ki ce "me kake gani game da kaza" ko "yaya abin ya shafe ka", kuma tambaya ɗaya tak za ki yi wa kowa, kalma a kalma, in ba haka ba amsoshin ba za su haɗu ba lokacin jerawa. Idan mutum na magana ki yi shiru ki gyaɗa kai kawai, wannan "uhm, haka ne" da muke yi yana shiga cikin rikodin kuma cire shi wahala ne. Abin da na fi damuwa da shi, ki faɗa wa mutum sunan gidan rediyon da cewa za a sa muryarsa kafin ki danna, wanda ya ƙi ki yi masa godiya ki wuce.

Sadiq_sauti:
Manhaja kuma Audacity, kyauta ce a kwamfuta. Tana da Noise Reduction amma ƙarar da ba ta canzawa take iya ragewa irin ta fanka ko janareto, hon ɗin mota ba ta iya masa komai, in kika matsa mata da yawa murya sai ta koma kamar daga cikin ruwa ake magana. Kafin ki bar wurin ki ɗauki sakan 30 na hayaniyar titin ba tare da kowa na magana ba, ki shimfiɗa shi a ƙasan muryoyin a hankali, shi zai ɓoye wuraren da kika yanka.

Bash_Edita:
Na yarda da su, ƙari ɗaya kan yanka. Ki cire maimaici da dogon shiru amma ki bar numfashi, in babu shi magana ba ta kama da ta mutum. Kuma don Allah idan wani ya ce "tsarin yana da kyau amma bai dace da mu ba" kada ki yanke daga amma ɗin, kin sa masa maganar da bai yi ba kenan kuma shi ya amince da ke ne ya tsaya. Ki cakuɗa muryoyi, mace, namiji, babba, yaro matashi, mafi ƙarfin amsa ki sa ta farko.

Ummi22:
Na gode sosai Allah ya saka. A MP3 zan ajiye ko me?

Bash_Edita:
Ki yi aikin a WAV (nau'in fayil da ba ya matse sauti kamar MP3), mono (layin sauti ɗaya), 44.1 ko 48 kHz (saitin ingancin sauti ne), ki tambayi mai kula da situdiyo wanne suke so. MP3 sai a ƙarshe in za ki tura, kuma ki ajiye asalin fayil ɗin da ba a taɓa ba a wani wuri daban.