Bangon falo ya tsage: in nemo injiniya daban kafin a taɓa fandisho?

Maman Ikram:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Bangon falonmu ya tsage tun daga kusurwar taga, tsagar ta tafi a karkace tana bin layin bulo kamar matakala, kuma ta fi faɗi daga sama. Ƙofar ɗakin yara ma ta fara cijewa. Ɗan kwangilar da aka kawo mana ya leƙa kawai ya ce fandisho ne ya zauna, sai an tone gefen gidan gaba ɗaya an zuba kankare da rodi. Hankalina bai kwanta ba, domin wanda ya ce akwai matsala shi ne zai ci kuɗin gyaran. In biya injiniya daban ya duba, ko ɓarnar kuɗi ce?

Baban Sadiq:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ki biya, amma ki nemi injiniyan gine-gine mai rajista wanda ba ya kwangila kuma ba shi da wani kamasho a wajen masu gyara. Ki tambaye shi wannan kai tsaye.

Tsagar da kika kwatanta alama ce ta cewa wani sashe na gidan ya motsa fiye da wani. Sai dai sanin dalilin shi ne aikin. Ƙasar laka tana kumbura da damina, ta motse da rani. Bututun ruwa da ke yoyo a ƙarƙashi, ko sokawe kusa da bango, ko babbar bishiya mai zuƙe danshi, kowanne yana jawo haka. In ruwa ne, ko an zuba kankare nawa tsagar za ta iya dawowa muddin ba a magance ruwan ba. Injiniya zai auna faɗinta, ya sa a haƙa ɗan rami a ga zurfin fandisho da irin ƙasar. Siririyar da ba ta kai milimita 1 ba yawanci ta filasta ce. Wadda ta wuce milimita 5 kuwa ba a wasa da ita.

Ummu Hanan:
Yaya, kafin injiniyan ya zo ki ja layi da fensir a ƙarshen tsagar, ki rubuta kwanan wata, ki ɗauki hoto. Zai so ya san ko tana ƙaruwa. Kada ki bari a shafe ta da siminti tukuna.

Tsohon Magini:
'Yata, maganar a tone gefe guda gaba ɗaya ce ta tayar min da hankali. Ƙarin fandisho a ƙarƙashin gini kaɗan-kaɗan ake yinsa, kamar mita ɗaya, a tsallake wuri, sai kankaren ya kama a dawo. In aka buɗe duka lokaci ɗaya bangon zai iya ruftawa da mutane a ciki. Ki karɓi rahoton injiniyan a rubuce, da zane da sa hannunsa, ki ba 'yan kwangila biyu ko uku su yi miki lissafi a kan aiki iri ɗaya. Ki kuma shirya da shi ya dawo ya duba ramin kafin a zuba kankare.