Namijin da ke hawa dandamali a shigar mata: me za mu kira sana'arsa?

Jama'a, assalamu alaikum. Kalma ɗaya ce ta tsaya mini a wuya tun shekaranjiya. Ina fassara tarihin wani ɗan barkwanci na Ingila, Paul O'Grady, wanda ya mutu ranar 28 ga Maris 2023 yana da shekara 67, kuma ko layin farko na kasa wucewa. Sana'ar da ta fito da shi Turawa suna ce mata drag: namiji ya yi shigar mata, ya laƙa wa kansa sunan mace, ya hau dandamali ya ba mutane dariya, a biya shi, ya wanke fuska ya koma gida. Da Hausa fa? Na jefa muku tambayar a wannan zaure, wasunku har sun kawo shawara, zan bi su ɗaya bayan ɗaya.

Bari in fara gabatar da mutumin, don a san wanda ake ɗinka wa rigar.

An haife shi a 1955 a Birkenhead, garin ma'aikatan tashar jiragen ruwa da ke kallon Liverpool ta tsallaken kogin Mersey. Gidan talakawa ne 'yan Katolika masu asali da Ailan. Mahaifinsa ma'aikacin matatar mai ne. Matar da ya ƙirƙira a dandamali ya kira ta Lily Savage, kuma Savage sunan gidan su mahaifiyarsa ne kafin ta yi aure. Halin Lily kuwa daga matan da suka raine shi ya tsinto shi, musamman wata 'yar'uwar mahaifiyarsa, Chrissie, kwandasta a motar bas, mace mai kwalliya da kaifin harshe.

Ku ƙiyasta Lily a ranku. Doguwa, ga takalmi mai tsini, ga tulin gashin kanti fari fat amma gindinsa baƙi, kamar na wadda rininta ya kwana biyu ba ta samu kuɗin sabuntawa ba. Riga mai zanen fatar damisa, taba a hannu, murya a shaƙe, karin harshen 'yan Liverpool tsantsa. Hirarta ba ta wuce bashi, 'yan sanda, kayan da ta ɗauke a kanti, da rigimar maƙwabta. Masu kallo suna dariya ne don kowa ya san irinta a layinsu.

Malam, na ga amsarka tun kafin in gama: "Ai ɗan daudu ne, me ya yi zafi?" Allah ya ƙara sani, amma a nan ba na tare da kai. Ɗan daudu a ƙasar Hausa rayuwarsa ce haka. Da karairayar da lanƙwasar murya yake kwana yake tashi, da su yake suyar kaji a bakin tasha, da su yake zuwa biki. O'Grady kuwa da rana ma'aikacin jin daɗin jama'a ne a ƙaramar hukumar Camden ta Landan, yana shiga gidajen tsofaffi da na iyalan da lalura ta faɗa wa yana kula da su. Sai dare ya yi Lily take fitowa, tun daga 1978. Kuma wajen 2004 ya ajiye ta, ya ci gaba da gabatar da shiri a talabijin da sunansa da kwat ɗinsa na maza. Abin da ake ajiyewa a koma wani aiki sana'a ce. In na rubuta ɗan daudu, mai karatu a Kano ko Zandar zai hango wani mutum daban da wanda nake nufi, kuma wannan cin amanar fassara ne.

Wani ɗan'uwa ya kawo kalmar da ta fi wannan nauyi, wadda ta shafi kwanciya. Gaskiya ne O'Grady bai ɓoye cewa maza yake so ba. Amma kalmar da muke nema ta aikin ce. Barry Humphries na Ostareliya ya shafe sama da shekara 60 yana fitowa a matsayin wata mata, Dame Edna, alhali ya yi aure sau huɗu, duk da mata, yana da 'ya'ya. A Ingila ma duk lokacin Kirsimeti akwai wasan yara na dandamali da namiji ke fitowa a tsohuwa mai surutu, iyaye su kai 'ya'yansu kallo. Kafin 1660 kuwa mata ba sa hawa dandamali a can, maza ne ke fitowa a madadinsu. Kalmar da za ta ɗauki duk waɗannan muke so.

Fassarar kai tsaye ba ta da amfani. Drag a Turancin yau da kullum jan abu ne a ƙasa, su kuma 'yan wasan ana ƙara musu da kalmar sarauniya. "Sarauniyar ja" ba Hausa ba ce. A bar ta.

Hajiya ta ce ɗan kama. Wannan ta burge ni, na daɗe ina juya ta. 'Yan kama sun san kwaikwayo, sun san yadda ake ɗaukar abin da kowa ya sani a murɗa shi ya zama abin dariya, kuma a gaban jama'a suke neman abincinsu. Ta ɓangaren iya tsayuwa a gaban taro, O'Grady ɗan kama ne na gaske. A 1987 'yan sanda suka kai samame mashayar Royal Vauxhall Tavern ta kudancin Landan, inda ya yi shekara takwas yana wasa. Lokacin tsoron cutar ƙanjamau ya cika gari, sai suka shigo da safar hannu ta roba don kada su taɓa mutane. Yana cikin kayan Lily ya dube su ya ce ashe an turo masu taya wanke-wanke. A lokacin abokansa suna ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya, shi ke zuwa jinyarsu. Duk sanda na tuna wannan magana sai in ji dariyar da ɗacin sun zo tare. Sai dai ɗan kama bai faɗi komai game da shigar ba, kuma shigar ce ginshiƙi.

Akwai kuma batun waƙa, wanda ya sa "ɗan barkwanci" ita kaɗai ta yi kaɗan. Da mamin ya fara, irin wanda 'yan fim ɗinmu suka sani: a sa faifan wata mawaƙiya, shi yana motsa baki. Daga baya ya karɓi makirufo da muryarsa. A 2001, a babban wasan shekara da ake yi don gidan sarautar Ingila, ya rera waƙa tare da 'yar wasan kwaikwayo Barbara Windsor da aminiyarsa Cilla Black, mawaƙiyar Liverpool. Daga 2009 zuwa 2022 kuma yana da shiri kowace Lahadi a tashar BBC Radio 2, inda yake sa tsofaffin faya-fayai da kiɗan buɗe shirye-shiryen talabijin da aka manta da su, yana karanta wasiƙun masu saurare, har da na waɗanda karensu ko kyanwarsu ta mutu. Ɗanɗanonsa na falon gidan ma'aikaci ne, abin da uwa ke bi da baki tana guga.

To ga inda na tsaya. Sana'ar: wasan shigar mata. Mai yin ta: ɗan wasan shigar mata, jam'i 'yan wasan shigar mata. In barkwanci ne ƙarfinsa kamar O'Grady, sai a ce ɗan barkwanci mai shigar mata. Kalmar "shiga" tamu ce, tana ɗauke da ma'anar abin da ake sawa a cire, kamar yadda muke cewa shigar burtu. "Wasa" kuma ta nuna akwai 'yan kallo da lokacin tashi, kamar a tashe, inda yaro ke liƙa gemun auduga ya zama tsoho har a gama zagaye. Ba ta yabi kowa ba, ba ta zagi kowa ba, mai karatu ya yi hukuncinsa bayan ya fahimci abin.

Na yarda tana da ɗan tsawo. Wani ya ce a gutsure ta zuwa "ɗan shigar mata". Ina tsoron in aka cire "wasa" za mu koma inda muka baro, a ɗauka halin mutum ake faɗa.

Saura lamiri. Abin da na yi shi ne, in ana maganar Paul sai in ce "ya", in Lily ce a dandamali sai in ce "ta". Misali: Lily ta gabatar da shirin kacici-kacici na Blankety Blank daga 1997, Paul kuma ya fara shirin talabijin kan gidan kula da yasassun karnuka na Battersea a 2012. Na karanta wa yayata da babbar murya, ba ta rikice ba ko sau ɗaya.

'Yan'uwa na Maraɗi da Damagaram, da na zangon Kumasi, in akwai tsohuwar kalma a bakin kakanninku ta namijin da ke shigar mata don wasan biki kawai, ku taimaka ku kawo ta. Sai ranar Alhamis zan miƙa aikin.